Filin Likitan Haƙori: Haƙorin Dashe Ya Yi Tsawo, Dasashi Ya Yi Duhu

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan watan a kan dashen haƙori suke, wato wanda ake kafa ƙusar ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗora haƙori a kanta. Masu tambaya a kan warin baki da haƙoran yara su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum, na sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, shekarata 29. Shekara uku da suka wuce na faɗo daga kan babur, haƙorina na gaba na sama ya karye har cikin saiwa. Yayana ya kai ni ƙasar waje, a rana ɗaya aka cire guntun, aka dasa ƙarfe, aka ɗora haƙori. Da na dawo, ko mahaifiyata ta kasa nuna wanne ne na dashen. To yanzu ya fi ɗan'uwansa tsawo, dasashin da ke samansa ya koma ruwan toka, ga kuma wani ɗan rami baƙi a gefensa inda abinci ke maƙalewa. Ba ya ciwo, ba ya girgiɗi. Amma in dariya ta kama ni a aji sai na kare baki da mayafi. Jabu aka sa mini ne? In na sake haƙorin da mai tsada zai gyaru? — Wata malama daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki kashe ko kwabo a kan sabon haƙori tukuna. Haƙorin tangaran da aka ɗora miki ba ya girma, tsawonsa na ranar farko shi ne na yau. Dasashi ne ya ja sama, ya bayyana wuyan da ya kamata ya rufe. Shi kuma dasashi ba ya tsayawa da ƙafarsa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ne ke ɗauke da shi, kamar zanar rumfa a kan dirka: in dirka ta rage, zana ta bi ta.

Ga abin da ya faru a bakinki, gwargwadon abin da wasiƙa za ta iya nuna mini. Saiwar haƙorin gaba tana zaune ne a cikin gurbi, kuma bangon gurbin da ke ɓangaren leɓe siriri ne ƙwarai. A wajen yawancin mutane kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba. Wannan ɗan bangon da haƙori yake rayuwa, domin wasu ƙananan zaruruwa ne suka ɗaure saiwa da shi, kuma ta cikinsu yake samun kaso mai yawa na jininsa. Ranar da aka cire saiwa, zaruruwan sun tafi, sai jiki ya fara narkar da bangon a hankali. A 2003 masu bincike a Denmak sun bi gurabun haƙoran baya da aka cire har shekara guda, suka ga faɗin ƙashin ya ragu da kusan rabi, kuma kashi biyu cikin uku na raguwar a wata ukun farko ta auku. A da an ɗauka in an yi maza an cusa ƙusa a gurbin, bangon zai tsira. A 2005 wasu masu bincike, Araújo da Lindhe da abokan aikinsu, suka gwada haka a bakin karnuka, bangon ya narke duk da ƙusar tana ciki. Shi ya sa watannin farko komai ya yi miki daidai har Hajiya ta kasa ganewa, sai daga baya abin ya fito.

Duhun kuma launin ƙarfen ne kike hangowa. Da titaniyom ake yin ƙusar, sau da yawa har da wuyan da ke haɗa ta da haƙori, kuma launinsa toka-toka ne. Wani bincike da aka yi a Zurich a 2007 ya nuna cewa in kaurin naman da ya rufe shi milimita biyu ne, ido yana ganin canjin launi. In ya kai uku, ba a gani. Da yawa daga cikinmu Allah ya yi mu da dasashi mai duhu ko mai dabbare-dabbare, kuma wannan ba cuta ba ne, har ma yakan taimaka wajen ɓoye ƙarfe. Bambancin shi ne duhun halitta tun yarinta yake nan, kuma hagu da dama yake bi. Wanda ya tsaya a saman haƙori ɗaya tak, ya zo bayan aiki, wannan na ƙarfe ne.

Sai ramin gefe. Tsakanin kowane haƙora biyu akwai ɗan tsinin dasashi da ke cike gurin. Dennis Tarnow, wani likitan dasashi a New York, ya auna wannan a 1992: daga inda haƙoran biyu suka taɓa juna zuwa kan ƙashin da ke tsakaninsu, in milimita 5 ne ko ƙasa da haka, tsinin kusan kullum yana cike gurin. In 6 ne, kashi 56 cikin ɗari. In 7 ne, kashi 27 kacal. Kin ga milimita ɗaya tak ta isa ta buɗe ramin da kike gani. Kuma ƙashin da ake magana a nan, wanda ke jikin haƙorinki na asali ne da ke maƙwabtaka da dashen. Faɗuwar babur ɗin ma tana iya taɓa shi tun kafin wani likita ya sa hannu.

Kin ce ba ya ciwo, ba ya girgiɗi. A ma'aunin da aka fara wannan sana'a da shi, aikinki ya yi nasara ke nan. Per-Ingvar Brånemark, ɗan ƙasar Suwidin, a 1952 ya lura cewa ƙashin zomo ya manne wa titaniyom har ya ƙi rabuwa, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko, Gösta Larsson, wanda ya yi ta tauna da su har ya rasu a 2006. Amma waɗancan marasa lafiyar farko mutane ne da ba su da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙin, burinsu su ci abinci. Ba wanda ke duba ko dasashi ya ja da milimita ɗaya. Haƙori guda a gaba, a bakin mace mai shekara 29, kusa da ɗan'uwansa na asali da kowa zai gwada su, wannan shi ne aiki mafi wuya a dashe, ko da yake masu talla sukan nuna shi kamar shi ne mafi sauƙi.

Ban ce jabu aka sa miki ba, kuma ban ce dashen rana ɗaya haramun ne ba. Yana da sharuɗɗa, kuma ba kowa ke cika su ba: bangon gaba ya kasance lafiyayye mai kauri, dasashi mai kauri, babu mugunya, a karkata ƙusar zuwa ɓangaren ganɗa, a cike ratar da ta rage a gaba da tsakin ƙashi. Bayan hatsari bangon nan sau da yawa a tsage yake. A irin wannan hali ni nakan fi son a cire guntun, a bar nama ya warke mako huɗu zuwa takwas, sannan a dasa tare da ƙarin ƙashi. Matsalar tafiya Masar ko Dubai ko Indiya ko Turkiyya domin haƙori ba rashin ƙwararru ba ce, suna da su sosai. Matsalar ita ce ranar komowa da ke jikin tikiti ita ke tsara aikin, ƙashi kuwa bai san da tikiti ba.

Abin yi yanzu. Ki nemi likitan da ya ƙware a dasashi ko a dashe, a yi miki hoton nan mai nuna kaurin ƙashi da ake kira CBCT. Hoton haƙori na yau da kullum ba ya nuna bangon gaba, domin ƙusar tana kare shi. Babbar tambayar da hoton zai amsa ita ce, a ina ƙusar take zaune? Ana so a bar kimanin milimita biyu na ƙashi a gabanta, da aƙalla ɗaya da rabi tsakaninta da maƙwabcin haƙori.

In mazauninta daidai ne, akwai gyara mai kyau. A cire haƙorin, a sauya wuyan da siriri ko da na zirkoniya, wanda fari ne, a yanko ɗan nama daga cikin ganɗarki a cusa shi a ƙarƙashin dasashin don ya yi kauri, a sa miki haƙorin wucin gadi na wasu watanni har naman ya zauna, sannan a yi na dindindin. Ki tambaya musamman ko ƙarƙashi za a sa naman. Wanda ake liƙawa a sama yana riƙe launin ganɗa, kuma a dasashi mai duhu sai ya fito fili ya zama faci. Ramin gefe ya fi taurin kai, domin tsinin da ya tafi da wuya ya dawo gaba ɗaya. Abin da aka fi yi shi ne a sauya siffar haƙorin, a ɗan ƙara wa maƙwabcinsa ciko a gefe, inda suke haɗuwa ya matso kusa da dasashi, ramin ya ƙanƙance.

In kuwa ƙusar ta fito gaba da yawa, babu haƙori mai tsadar da zai rufe wannan, kuma naman da aka dasa yakan sake ja. Sai dai a cire ta, a gina ƙashi, a jira, a sake dasawa. Ki ƙiyasta shekara guda, da kuɗin da zai iya wuce na farko.

Kafin ki yanke shawara, ki sa wata ƙawarki ta ɗauke ki bidiyo kina hira kina dariyar gaske, ba murmushin hoto ba. Wani bincike a Amurka a 1984 ya gano kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai leɓensa ke ɗagawa har dasashin sama ya fito sosai, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. Ina yawan ganin wadda ke ɗage leɓe da yatsa a gaban madubi tana baƙin ciki a kan abin da ɗalibanta ba su taɓa gani ba. In ke ma haka ne, kuma hoto ya nuna ƙashi ya tsaya, bari ma magani ne, a riƙa dubawa duk shekara. In kuwa dariyarki mai buɗe dasashi ce, to gyaran ya cancanci wahalarsa. Ki roƙi yayanki ya nemo takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙusar da girmanta, domin kowane kamfani da irin makullinsa, kuma ba tare da ita ba likita zai yi ta lalube. Ki kuma tafi da wani tsohon hotonki na kafin hatsarin wanda kike dariya a ciki.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, shekarata 52. Haƙorana biyu na sama, na tsakiya da na kusa da shi a hagu, sun fita shekara takwas ke nan, ina sa na roba. Na gaji da cirewa da mayarwa, na je a dasa mini. Likita ya ce ƙashi ya ƙare, sai an fara zuba mini ƙashin saniya, in jira wata shida. Ni dai na san ciniki. Wannan ba hanyar ƙara kuɗi ba ce? Kuma ya halatta a sa wa mutum ƙashin dabba? — Wani Alhaji daga Kano

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Wannan karon ba a yi maka ciniki ba. Ka cire haƙoran robar, ka shafa gurin da yatsa, sannan ka shafa ɓangaren dama inda haƙora suke. Za ka ji hagu ya lotsa ciki, samansa ya yi kaifi. Shekara takwas babu saiwa, ga roba tana dannawa kullum, ƙashin ya sirance. Ƙusar haƙorin gaba faɗinta yana kusa da milimita huɗu, kuma tana son ƙashi ya kewaye ta ta kowane gefe, wato ana neman faɗin shida zuwa bakwai. In uku ya rage, ko dai a gina, ko a karkata ƙusar inda ƙashi ya saura, haƙori ya fito a turo ko ya yi tsawon da ba na mutane ba.

Abin da ake kira ƙashin saniya tsaki ne fari, wanda aka sarrafa da zafi da sinadari har ba abin da ya rage sai ma'adinin ƙashin. Ba ya zama ƙashinka kai tsaye. Yana riƙe gurin ne, jijiyoyin jini su ratsa tsakaninsa, ƙashinka ya tsiro ya naɗe shi, kuma da yake ba ya saurin narkewa, yana hana gurin sake lotsawa. Wata shida ba su yi yawa ba, wani lokaci har tara. Ana iya ɗebo ƙashinka na kanka daga bayan muƙamuƙi ko haɓa, ana iya haɗa biyun, akwai kuma na haɗin masana'anta wanda babu dabba a cikinsa.

Hukunci na malamai ne, ni nawa in gaya maka abin da ke cikin kwali. Kuma ga abin da ba ka tambaya ba, alhali ya fi ƙashin saniyar buƙatar tambaya: bayan an zuba tsakin, ana rufe shi da wani ɗan tantani, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya daga jikin alade ake yin su. Akwai na shanu, akwai na roba wanda ake cirewa daga baya. Likita ba lallai ya tuna ya faɗa maka ba, musamman a ƙasar waje. Ka ce a nuna maka kwalin kafin ranar aiki, ka kai wa malaminka bayani cikakke.

Game da kyan gani, kada in yaudare ka. Faɗin ƙashi ana samun sa da ginawa, tsayi kuwa yana da wuya. Sannan naka giɓin shi ne mai wahalar: na tsakiya da na kusa da shi, a gefe ɗaya, ga na dama lafiyayyu suna jiran a gwada. In aka kafa ƙusa biyu jere, dole a bar aƙalla milimita uku a tsakaninsu, in ba haka ba ƙashin tsakiya ya narke. Ko an bar ukun, naman da ke tsirowa tsakanin ƙusa biyu gajere ne. Tarnow da abokan aikinsa sun auna a 2003, matsakaicinsa milimita 3.4, alhali tsakanin haƙoran asali yana kai wa biyar. Saboda haka ka tambayi likitanka ko zai yiwu a kafa ƙusa ɗaya a gurbin na tsakiya, ta ɗauki haƙora biyu, ƙaramin ya rataya a jikin babban. In cizonka ya ba da dama, wannan yakan fi kyau a ido, kuma ka rage kuɗin ƙusa guda, wanda na san ba zai ɓata maka rai ba.

Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi sosai. Haƙoran robar da kake sawa suna da fiffike mai launin dasashi wanda ke tallafe leɓenka. A yi maka na gwaji marar fiffiken, ka duba madubi ta gefe. In leɓe ya faɗa ciki, ka ga da idonka abin da ginin ƙashi zai cike. Maza masu shekarunka da yawa leɓensu ba ya ɗagawa har dasashi, ga gashin baki, don haka ɗan tangaran mai launin dasashi a gindin haƙoran yana iya wadatarwa a maimakon tiyata ta biyu. Sai dai a haɗa launin da naka dasashin, kada a ɗauko ruwan hodar da aka yi domin Turawa.

Tambaya: Lokotoro ina gaisuwa. Ɗana mai shekara 15 ya yi karo a wajen ƙwallo, haƙorin gaba ya karye, saura saiwa a ciki. Yara suna yi masa dariya, har ya fara ƙin zuwa makaranta. Ina da halin a dasa masa na ƙarfe. Ina ya kamata in kai shi? — Wani uba daga Damagaram

Amsa: Malam, Allah ya raya shi. Kada ka kai shi ko'ina domin dashe yanzu, kuma duk wanda ya yarda ya yi masa a wannan shekarun, ka riƙe kuɗinka. Muƙamuƙin yaro yana girma, haƙoransa na asali suna sauka tare da ƙashinsu da dasashinsu. Ƙusa kuwa ta manne da ƙashi a inda aka kafa ta, ba ta bin su. Bayan wasu shekaru sai ka ga haƙorin dashen ya zama gajere, ya shige sama, dasashinsa ya fi na sauran hawa, kuma gyaran wannan ya fi giɓin da ake gudu wahala. 'Yan mata sukan gama girman fuska wajen 17 ko 18, samari sai wajen 20 ko fiye. Ba da shekarun kawai ake aiki ba, ana ɗaukar hoto biyu da tazarar wata shida zuwa shekara, a ga girma ya tsaya.

Babban abin da nake roƙonka shi ne kada a yi gaggawar cire saiwar nan. Muddin tana ciki lafiya, ita ke riƙe masa ƙashi da dasashi. Sau da yawa ana iya wanke cikinta, a cike, a gina haƙori a kanta, ya yi shekaru da shi. Ko ba za ta ɗauki haƙori ba, wani lokaci ana binne ta a ƙarƙashin dasashi da gangan domin ta tsare gurin. In dole sai an cire, a cire a hankali kada a fasa bangon gaba, a cike gurbin a ranar. Domin makaranta kuwa, akwai haƙorin da ake liƙa wa maƙwabcinsa ta baya da ɗan fiffike, ba tare da an feƙe lafiyayyen haƙori sosai ba. Aikin kwanaki kaɗan ne, kuma abokansa ba za su gane ba.

Ga sauran iyaye: in haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwa, kada a kankare. A ɗauraye shi kaɗan in ya yi ƙasa, a mayar da shi gurbinsa nan take. In an kasa, a jefa shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ba ruwa ba, ba kuma a naɗe shi a takarda ba, a kai ga likita cikin sa'a guda. Haƙorin nono na ƙananan yara shi ba a mayarwa.

Tambaya: Anti Likita, ina da wushirya, kuma ɗaya daga cikin haƙoran ya mutu ya yi baƙi, an ce ba zai gyaru ba. In aka dasa, wushiryata za ta tafi? — Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yata, a nan dashe ya fi gada, wato haƙorin da ake ratayawa a jikin maƙwabtansa na hagu da dama, domin gada sai ta haɗa haƙoran, ita kuwa ƙusa tana tsayawa ita kaɗai, a bar miki ratarki yadda take. Sai dai ki faɗa da bakinki tun farko, a kuma ɗauki awon bakin kafin a cire komai. Masu haɗa haƙori da yawa an koya musu cewa rata aibi ce, sai su faɗaɗa haƙorin su toshe ta, ki wayi gari da ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ki sani kuma mai wushirya ba ta da maɓoya, gefen haƙorin da dasashinsa duk a fili suke, don haka naman gurin ya kamata ya yi kauri. Kafin nan ma, ki nemi ra'ayin likita na biyu. Haƙorin da ya yi baƙi sau da yawa ana wanke cikinsa a haskaka shi daga ciki, kuma saiwarki ta fi kowace ƙusa iya riƙe dasashi.

Tambaya: Likita, an dasa mini haƙori shekara biyar da suka wuce. Kwanan nan in na yi asuwaki gurin yana jini, wani lokaci da ɗan wari, har ina ganin zaren ƙarfen. Ina da ciwon suga, ina kuma shan sigari kaɗan-kaɗan. Tunda ba ya ciwo, in bar shi? — Wani direba daga Kumasi

Amsa: Malam, kada ka bar shi. Naka ya wuce maganar kyau. In har zaren ƙusa, wato tsagar da ta kewaye jikinta irin ta noti, ya bayyana, ƙashin da ya rufe shi ya tafi, jini da wari kuma suna nuna ƙwayoyin cuta suna kan aiki. Ciwon mataki biyu ne. Na farko kumburin dasashi ne kawai, wanda wanki da tsafta ke warkarwa. Na biyu shi ne in ya ci ƙashi, kuma wannan ba ya tsayawa da kansa. Masu bincike a Gothenburg sun tattara rahotanni a 2015, suka samu kimanin kashi 43 cikin ɗari na masu dashe suna da na farkon, kashi 22 suna da na biyun. Rashin ciwo kada ya ruɗe ka, ƙusa ba ta da jijiyar da za ta yi maka ƙara, sau da yawa sai ta fara girgiɗi mutum ke farga, lokacin kuwa sai cirewa.

Sigari tana matse ƙananan jijiyoyin jini na dasashi, har takan ɓoye jinin, don haka in mai shan ta ya ga jini, abin ya yi nisa. Babu kaɗan-kaɗan a nan, shisha ma haka. Sugan da bai daidaita ba kuma yana hana rauni warkewa, duk wankin da za a yi maka ba zai riƙe ba sai ya sauka. Wani lokaci ragowar gam ɗin da aka liƙa haƙorin da shi ne ya maƙale a ƙarƙashin dasashi, likita zai duba wannan. Ka daina sakace gurin da tsinken ashana ko allura, ka sayi ɗan buroshin nan siriri na tsakanin haƙora. Ka je a cikin makon nan, kada ka jira sai ka dawo daga lodi na gaba, ka tafi da sakamakon gwajin suga na wata uku da kwalayen duk magungunan da kake sha.